Babbar Sallah ta Farko Bayan Rasuwar Baba: A Taru ko Kada a Taru?

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da wannan wasiƙa, kuma ga abin da ta ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. An ɗaura auren iyayenmu washegarin Babbar Sallah, a watan Disamba na 1974, kuma tun muna yara muka tashi muka tarar duk shekara a wannan rana ana taruwa a gidanmu a ci abinci tare. Hajiya ce take tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe da hannunta, Baba kuma ya zauna a tsakar gida yana raba soyayyen naman layya, yana tsokanarta cewa yau shekara kaza ke nan tana haƙuri da shi. Ko bayan da ya ƙara aure, da bayan da muka yi namu auren muka watsu, ba a taɓa fasawa ba. Allah Ya yi wa Baba rasuwa a farkon watan Rajab, bayan sun haura shekara 50 tare, ga shi kuma Sallah tana matsowa. Yayanmu, wanda shi ne babba, ya ce a daina taron, domin a ganinsa ware rana saboda tunawa da aure ko da mamaci koyi ne da Turawa kuma bidi'a ce, ga kuma tsadar rayuwa. Autarmu tana so a kama ɗakin taro, a yi anko, a buga hoton Baba da Hajiya a kalanda, a yanka rago da sunansa. 'Ya'yan ɗakin amaryar Baba sun yi shiru. Da na tambayi Hajiya, sai ta ce duk yadda muka yi daidai ne, ta kau da kai. Ni ce a tsakiya, kowa ni yake kira. Yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kyautata makwancinsa, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Ra'ayina shi ne ku taru, a cikin gidan nan, a ranar da kuka saba, ba tare da ƙari ko ragi mai yawa ba. Amma kafin a kai ga haka akwai mutum ɗaya da ya kamata a san abin da ke zuciyarta, kuma a cikin wasiƙarki ita ce ta fi kowa ƙarancin magana.

Amsar da Hajiya ta ba ki ba amsa ba ce, kara ce da kawaici. Macen da aka kai ɗakin miji a 1974 ta taso ne a zamanin da mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta ma kiran sunan ɗanta na fari, saboda haka ba za ta dubi 'yar da ta haifa ta ce mata tana kewar mahaifinta ba, ballantana ta ce tana so a yi taro dominta alhali ta ji 'ya'yanta suna ja-in-ja a kan kuɗi da halasci. Ki kuma lura da lokaci. Takaba wata 4 ce da kwana 10, don haka idan Baba ya rasu a farkon Rajab, Hajiya ta fita takaba ne wajen goma ga Zulƙida, wato kimanin wata ɗaya kafin Sallah. Ciwon ɗanye ne. Mai yiwuwa tana son taron amma tana tsoron ganin wurin zamansa babu kowa, mai yiwuwa kuma ba ta jin za ta iya, amma ba ta so a ce ita ce ta kashe abin da mijinta ya raya. Hanyar ganewa ita ce a aika mata wanda babu alkunya tsakaninta da shi: ƙanwarta, ko aminiyarta ta tun ƙuruciya, ko babba a cikin jikokinta, domin abin da kaka ba za ta faɗa wa 'yarta ba takan faɗa wa jika a cikin wasa. Kuma kada a tambaye ta a yi ko kada a yi, domin wannan tambayar ɗora mata nauyin raba gardama ce. A tambaye ta mudu nawa na shinkafar tuwo za a auno bana, da wanda zai nemo kabewa. Idan ta fara ba da umarni, tana gyara lissafi, tana cewa wancan mudun ba zai isa ba, to kin sami amsarki.

Maganar Yaya kuwa, kada ki ɗauke ta da wasa, kada kuma ki bari a mayar da shi abokin gaba. Damuwarsa tana da tushe. Malaman ƙasar nan sun daɗe suna saɓani a kan ware wa mamaci rana, kamar sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wannan muhawara ta shiga kusan kowane gida a Arewa, har ta raba wa da ƙani a wurare da yawa. Sai dai taronku ba ya cikin wannan babi, domin ba rasuwa ce ta haifar da shi ba. Ranar da kuke taruwa ita ce 11 ga Zulhajji, ranar farko cikin kwanakin Tashriƙi, waɗanda hadisi ingantacce a cikin Sahihu Muslim ya ce kwanakin ci ne da sha da ambaton Allah. Iyalin da suka taru a gidan mahaifiyarsu a irin wannan rana suka ci naman layya ba su ƙirƙiro komai ba.

Akwai kuma hujja a cikin yadda Baba da kansa ya riƙe ranar. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa Sallah take ja da baya a kowace shekara. Babbar Sallar da aka ɗaura auren a cikinta ta faɗo a sanyin Disamba, a 1990 ta riga ta koma farkon Yuli cikin damina, sai a ƙarshen 2006 ta sake dawowa Disamba. Duk tsawon wannan zagaye Baba Sallah yake bi, bai taɓa tsayawa a kan kwanan watan Bature ba. Wanda yake kwaikwayon bikin Turawa da Disamba zai riƙe. Shi abin da yake yi shi ne tara iyalinsa a ranar farin ciki, yana gode wa Allah a kan matar da Ya ba shi, da irin harshen da namijin zamaninsa yake iya godiya da shi, wato tsokana.

Tunawa da abokin zama ta hanyar abinci ma yana da asali mafi girma. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yawan ambaton Nana Khadija bayan rasuwarta, kuma yakan yanka akuya ya rarraba naman ya aika wa ƙawayenta. Muslim kuma ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa yana daga mafificiyar biyayya mutum ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa bayan mahaifin ya wuce. Saboda haka ina ba ku shawara bana ku ƙara abu ɗaya: a zuba kwanuka a kai wa abokan Baba da suka rage, waɗanda suke zaman majalisa tare da waɗanda suke sahu ɗaya a masallaci, a kuma aike da manyan 'ya'yansa maza su kai da kansu su gaishe su.

Yadda za ki isar wa Yaya da wannan magana yana da muhimmanci kamar maganar kanta. Kada a yi ta a zauren WhatsApp na iyali, inda kowa yake kare matsayinsa a gaban ƙannensa. Ki taka ki je gidansa, ki gaishe shi kamar yadda kike gaishe da Baba, ki nuna masa cewa yanzu shi ne uba, kuma abin da kuke roƙo shi ne ya zauna a inda Baba yake zama ya raba naman. Ki ba shi gaskiyarsa tun da farko, cewa ba za a kama ɗakin taro ba, ba za a yi anko ba, ba za a kira abin da wani suna ba face cin abincin Sallah a gidan Hajiya. Ki kuma cire masa nauyin kuɗi, domin tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 magidanta da yawa suna kai ruwa rana kafin su sayi ragon kansu, kuma babban ɗa yakan ɗauka cewa duk hidimar a kansa za ta ƙare. Kowane gida ya kawo daga naman layyarsa, wanda bai samu ya yi layya ba ya zo da ƙafarsa ba tare da an tambaye shi ba, shinkafa da kayan miya kuma a yi karo-karo a tsakanin masu hali cikin sirri. Ina kuma zaton akwai baƙin ciki a ƙarƙashin hujjarsa. Maza da yawa ba sa iya cewa ba za su jure shiga gidan su ga tabarmar mahaifinsu ba, sai su nemi dalilin da ya fi sauƙin faɗa. Idan bayan duk wannan zuciyarsa ba ta natsu ba, ya kai mas'alar ga malamin da ya amince da shi, a bayyana wa malamin yadda abin yake tun asali. Idan kuma ya ƙi zuwa, kada a yi masa gori, a zuba nasa kwanon a kai masa gida.

Ita kuma Auta, niyyarta ƙauna ce, kuma ita ce ta fi kowa ƙarancin shekaru tare da Baba, shi ya sa take neman abin da za ta riƙe a hannu. Amma ki sa ta yi tunanin Hajiya, wadda ba ta cika wata biyu da fita takaba ba, an ɗora ta a kan kujerar manyan baƙi a gaban jama'a, ana kiran sunan mijinta ta lasifika, masu ɗaukar hoto suna jiran hawayenta. Wannan ba girmamawa ba ce a wurin dattijuwar da ta yi rayuwarta cikin sutura. Batun rago kuwa, malaman Malikiyya, wadda ita ce mazhabar da aka fi bi a ƙasar Hausa, sun karhanta yin layya a madadin mamaci, sai dai idan shi ne ya ware dabbar kafin ya rasu. Ƙofar sadaka ita ce a buɗe. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kuɗin ɗakin taro da na anko da na kalanda, idan aka haɗa su, za su iya gyara wurin alwala a masallacin da yake salla, ko su biya kuɗin makarantar wani maraya a unguwa. Kafin wannan ma a tabbata babu bashin kowa a kansa, har da ƙananan basussukan da ba a rubuta ba, irin na mai shago da na mai magani. Kada dai a bar Auta hannu rabbana, akwai aikin da ya dace da ita, zan zo kansa.

Shirun 'yan ɗakin amarya shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarki. Ita ma mijinta ne ya rasu, ita ma ta yi takaba, 'ya'yanta ma uba suka rasa. Muddin Baba yana raye shi ne yake haɗa ɗakunan biyu, kuma kowa yana zuwa taron ne domin shi ya kira. Yanzu da babu shi, idan aka gabatar da taron a matsayin tunawa da auren Hajiya kaɗai, za su ji cewa baƙi ne a gidan ubansu, su janye cikin ladabi, bana su ba da uzuri, baɗi ba sai sun ba da ba. Ta haka 'yan uba suke zama bare. Ki fara sanar da Hajiya, sannan ki je da kanki wurin amaryar, ki gaishe ta a matsayin uwa, ki roƙe ta ta ɗauki nauyin wani girki da aka san ta da shi, ko waina ce ko farfesun kayan ciki. Wanda aka ba aiki a taro ya san taron nasa ne. Sannan ku yi yarjejeniya tun kafin ranar cewa babu wanda zai ta da maganar gado. Tumunin da matan biyu za su raba, da makomar gidan, da rabon kowa, duk a sa musu wata rana daban a gaban malami ko alƙali. Idan ma akwai yiwuwar a sayar da gidan nan gaba, wannan ƙarin dalili ne na a ci tuwon bana a tsakar gidansa.

Sai batun tunawa da auren kansa, wanda nake ganin shi ne abin da kike so a zuciyarki ko da ba ki fito da shi fili ba. Ma'auratan da suka fara zama a ƙarshen 1974 sun fara ne lokacin da naira ba ta cika shekara 2 da fitowa ba, ƙasa kuma tana farfaɗowa daga babban farin da ya cinye amfanin gona da dabbobi a Arewa da Nijar. Sun ga kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, da tashin farashin da ya biyo baya, sun ga matsin shekarun 1980, sun ga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 wanda ya karya darajar albashi a daidai lokacin da suke da yara a makaranta. Gidan da ya ratsa wannan duka bai tsaya da albashin namiji kaɗai ba, akwai adashin mace a ciki, da sana'ar cikin gida, da kayan ɗakin da aka sayar ba a gaya wa kowa ba. Wannan tarihin yana kan mutum ɗaya yanzu, kuma ita ma shekaru sun ja. Aikin Auta ke nan: ta tattara tsofaffin hotuna daga gidajen dangi ta ɗauke su a waya, sannan a cikin kwanakin Sallah, idan Hajiya ta yarda, ta naɗi muryarta tana ba jikoki labari. A tambaye ta nawa ne sadakinta, wa ya yi mata walicci, me aka jera mata a ɗaki, a wane gida suka fara zama, me suka ci a Sallarsu ta farko. Tsofaffi sukan buɗe baki a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa fiye da yadda suke yi idan aka tambaye su sirrin zaman aure kai tsaye. Abin da aka naɗa kuma na iyali ne, ba a sa shi a Facebook ko a wani wuri sai da izininta.

Ina gargaɗinku da abu guda a nan. Idan uba ya rasu, 'ya'ya sukan goge wa auren iyayensu duk wani tabo, har a wayi gari ana cewa ba a taɓa jin kansu ba, Hajiya ba ta taɓa ɗaga murya ba. Zaman shekara 50 da kishiya a tsakani ba ya rasa ɓacin rai da kwanan gaba, wataƙila har da yaji da biko. Baba da kansa ya sani, shi ya sa kowace shekara yake cewa tana haƙuri da shi. Labarin da aka goge yana cutar da masu tasowa, domin yarinyar da aka gaya wa cewa kakarta ba ta taɓa kuka ba za ta ɗauka nata auren ne kaɗai yake da matsala, ko kuma ta haɗiye cutarwar da bai kamata a haɗiye ba. A Kano, garin da mutuwar aure ta kai gwamnati ga shirya auren zawarawa tun 2012, jikokin Hajiya sun fi buƙatar su ji yadda aka yi saɓani aka shirya, wa ya fara sauka, wane dattijo ne ya shiga tsakani, da abin da Baba ya gyara a halinsa. Ba ina nufin a tone asirin mamaci ba, an umarce mu da ambaton alherin matattunmu. Ina nufin idan Hajiya ta ga dama ta faɗi wani abu mai ɗaci, kada wani ya yi saurin rufe mata baki, idan kuma ta ga dama ta yi shiru, kada wani ya matsa mata.

A ranar kanta, ku sa abincin bayan azahar a gama kafin la'asar, domin idan an yi Hawan Daushe hanyoyin cikin gari sukan cushe da yamma. Idan Hajiya ta miƙa hannu ga muciya, kada a ƙwace da sunan tausayi, a bar ta ta fara, 'yan mata su ƙarasa. Za a yi kuka, kuma babu laifi. Manzon Allah ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar abin da ba zai yardar da Ubangijinmu ba. Kada ku yi mata rubdugu da "ki yi haƙuri" da zarar idonta ya cika, ku zauna kusa da ita kawai. Addu'a kuma ba sai an tsawaita ba, kowa ya yi wa iyayen addu'ar da ke cikin Suratul Isra'i, aya ta 24, wadda take roƙon Allah Ya yi musu rahama kamar yadda suka rene mu muna ƙanana, kuma ta haɗa wanda ya tafi da waɗanda suke raye.

Ke ma, 'yar'uwa, mahaifinki ne ya rasu, kuma tun Rajab kina ɗauke da kiran kowa. Ki raba aikin, ki ba ɗaya daga cikin 'yan ɗakin amarya lissafin karo-karo, ki ba wani kai kwanukan abokan Baba. Ku kuma tsara yadda za a riƙa kwana da Hajiya da amaryar a makon da zai biyo bayan Sallah, jikoki suna karɓa-karɓa, domin kaɗaici ya fi tsanani bayan an watse.

Idan kuwa aminiyar da aka aika ta dawo ta ce Hajiya ba za ta iya taron bana ba, to a bi abin da ta ce ba tare da lallashi ba. Ku je yawon Sallah gida-gida kamar yadda kowa yake zuwa wa mahaifiyarsa, kowa da kwanonsa, a kai wa abokan Baba nasu rabon, a yi sadakar da aka yi niyya, sannan idan Allah Ya kai mu Zulƙida mai zuwa a sake aika mata wanda zai tambaye ta mudun shinkafa. Allah Ya gafarta wa Baba, Ya ƙara wa iyayenku mata lafiya, Ya haɗa kanku.